Ku jira fitilar kekena ta mutu kafin mu gaisa

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambayar ƙanena ko na rasu. Ina nan da raina, sai dai a zaune.

Abin ya faro ne a gonar albasa a Augie. Takalmina ya zame daga ƙafa, na yi ta tafiya ban sani ba. Na ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe. Kafin a cire albasa ƙafafun duka biyu sun ƙi ni, hannun hagu ma ya bi sahu.

Daga Argungu aka tura mu Birnin Kebbi, daga can Sakkwato. Jini, majina, hoto cikin wani inji mai ƙara kamar na niƙa. Aka ce tarin fuka ne ya ci mini ƙashin wuya. Ni da ban taɓa tari ba!

Injin ban-ruwana da gonar shinkafa suka tafi wajen biyan kuɗin tiyata. Aka sa mini ƙarfe a wuya.

Ranar sallama likita ya riƙe hannuna na dama ya ce, "Malam, wannan ya rage maka. Faɗuwa ɗaya in ƙarfen ya goce, shi ma zai tafi."

Wallahi maganar nan ta hana ni sakat. Da hannun nake cin tuwo, da shi nake jan carbi.

'Yan'uwa suka haɗu suka saya mini keke mai batir. Wani ɗan sanda ne kamar yatsa a gefen dama, duk inda ka tura shi can keken zai nufa. Aka fasa dokin ƙofar gidanmu aka yi gangara. Na yi ta koyo a tsakar gida, matata Hajara tana kwashe kwanuka daga gabana tana dariya.

Sai ranar Juma'ar da na fara fita masallaci.

Ana idarwa jama'a suka yo kaina. Ga Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, yana hawaye. "Ɗana, kai na? Allah shi ƙara lahiya!" Ya kai hannu biyu ya damƙe hannuna, ya haɗa da sandan.

Keken ya zabura.

Kawu ya tsorata ya ja da baya, amma bai saki ba. Yana ja, keken na bin shi. Ina ihu, "Kawu sake ni! Sake!" shi kuwa a zatonsa ceto na yake, sai ƙara riƙewa. Bayansa kuma lambatu ne buɗe, mai zurfi.

Ya yi tsalle gefe. Tayar gaba ta afka. Na tsinci kaina a kife, bel ɗin ƙugu kaɗai ke riƙe da ni, ina kallon baƙin ruwa. Wuyana ya ce ƙas.

Aka taru aka ciro ni. Na ce wa yatsuna su motsa, suka ƙi.

Ban taɓa jin tsoro irin na hanyar Birnin Kebbi ranar nan ba. Kowane rami mota ta faɗa sai na yi salati. Hajara ta rungume kaina tana cewa, "Baban A'i, kak ka motsa, don Allah kak ka motsa." Ni kuwa tunanina wa zai riƙa ba ni abinci a baki har in mutu.

Aka yi hoto. Likita ya daɗe yana dubawa, na ji kamar in ce ya faɗa kawai a huta. Ya ce ƙarfe na nan inda yake, jijiya ce ta bugu, a jira a gani.

Muka yi ta jira, ana gashi, ana murza yatsu. Wata safiya babban yatsa ya ɗan motsa. Hajara ta saki kofin kunu a ƙasa.

Alhamdulillahi, hannu ya dawo. Na gode wa likitoci da masu gashin ƙashi, da 'yan'uwa, da matar nan da ban san da me zan biya ta ba.

In ƙafarka ta fara mutuwa, tafi asibiti, bar jiƙo. Mai irin kekena, ɗaura bel, kuma kashe shi kafin kowa ya matso. Mai lambatu a ƙofar gida, don Allah rufe shi. Ku kuma masu son mu, ku yi sallama da baki tukuna.

Kawu Manu ya daɗe bai tako gidanmu ba, kunya ta hana shi. Jiya ya zo. Ya tsaya can bakin zaure, hannuwansa biyu a baya.

Na danna maɓalli, fitilar keken ta mutu. Na ce, "Kawu, taho mu gaisa."

Ya ce, "A'a ɗana, daga nan ma ta yi."

Ni na miƙa hannun. Ya matso, ya taɓa da yatsu biyu. Na kama nasa na matse iya ƙarfina, har ya ce wash.

Sai ya fashe da kuka.