Ƙurajen da muka yi wa murna

Muna sussukar dawa a tsakar gida a Manga, sai ga ƙanena Ishaya ya fito jikinsa duk ƙuraje, leɓɓansa a kumbure. Sati biyu ke nan da canza masa maganin farfaɗiya.

Mu kam murna muka yi. Tsofaffi suka ce ciwon ne ke fita ta fata, a bar shi ya gama fitowa. Ni ma duk karatuna na yarda.

Matarsa Ladi kuwa ta ɗauko kwalin maganin, ta kira mai mashin.

Na ce, "Haba Ladi, sauƙi fa ya zo."

Ta ce, "Yaya, shekara tara ina jinyar ciwon nan, na san halinsa. Wannan baƙo ne, maganin ya biyo."

A asibiti a Zuru likita ya ce jikinsa ne bai karɓi maganin ba. Ya kwantar da shi, ya canza masa wani. Ya ce da mun ƙara jira, da sai dai wani labarin.

Jiya na ga Ishaya a gona. Har yau Ladi ba ta taɓa yi mini gori ba.

Ku fa, wace ce Ladin gidanku?