Kiɗan da Ya Rage Mini Gudu

Na daɗe ina kabu-kabu da babur tsakanin Tawa da Bambeye. Sau biyu na karye, ban rage gudu ba, har mata suka daina hawa bayana.

Wata rana na kai katin wayata a zuba mini kiɗan kokowa, mai shagon ya yi kuskure ya zuba waƙoƙin Turawa. Gita ce sannu-sannu, mawaƙin kamar bai gama farkawa ba. Ba na jin kalma ɗaya, amma in na kunna sai hannuna ya sassauta.

Wata tsohuwa mai sayar da nono ta gwada ni. Muka isa, ko ɗigo bai zuba ba.

"Ɗana, wane malami ya yi maka rubutu?"

"Inna, wani Bature ne mai jin barci."

Har yau ni nake ɗaukar ta.