Damin Sambo ya rasa mai karɓa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita da safen nan waya ta shigo daga Gusau: Malam Ɗahiru lauya ya rasu.

Ban gama share hawaye ba na buɗe waya, sai ga wasu dattawan Bunguɗu sun riga kowa rubutu. Wai "uban marasa gata". Har da shelar za su buɗe gidauniya da sunansa, a turo taimako.

Ku? Ku ɗin nan? Kai, wallahi ba ku da kunya.

Bari in gaya wa yaran da ba a haifa ba a lokacin. Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, Malam Ɗahiru ya dawo gida ya sa aka gina rumbu a wajen Furfuri. Idan kaka ta yi, kowane manomi ya kawo damin dawa ɗaya sadaka. Da wannan dawar ake biyan kuɗin mota da na kotu ga duk talakan da aka shigar ƙara ba shi da mai tsaya masa. Shi kansa ba ya karɓar ko sisi. Mutane suka sa masa suna rumbun shari'a.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Tsafe. Yayana Sambo yana kiwo. An nome burtalin da shanunmu suka saba bi tun zamanin kakanni, shanu suka bi hanyarsu, suka yi ɓarna a gonar wani Alhaji. Aka kai Sambo gidan yari a Gusau, damina ta wuce ba a ko kira shari'arsa ba. Inna ta daina cin abinci.

Na sami Malam ina kame-kame, don na san Alhajin nan yana cikin masu zuba wa rumbun. Na ce, "Malam, mu fa ba mu taɓa kawo dami ba."

Ya ce, "To mi? An ce da kai adashi muke yi? Hau mashin mu tafi."

A hanya ya tsaya ya sayi ƙosai da burodi ya ce a kai wa Sambo. Ni ko tunanin hakan bai zo mini ba.

Da labari ya bazu, sai ga dattawan nan, har da Alhajin, da amalanke a bakin rumbu, ina tsaye a wurin. Suka ce ba za a kare makiyayi da dawar manoma ba, kowa a ba shi daminsa. Kuma da gaske suke, don manomi yana gane ɗaurinsa ko cikin dami ɗari.

Malam ya buɗe musu. Ashe tun da aka fara, duk abin da aka kawo sai ya sa a sussuke a haɗe. Tsaba ce zalla.

Ya ce, "Alhaji, shiga ka tsince taka."

Ba su yafe masa wannan ba. Suka daina kawowa, suka hana na ƙasa da su. Suka bi masallatai da kasuwa suna cewa yana cin sadaka. Mutumin da takalminsa ɗaya! Kafin kaka biyu rumbun ya zama gidan ɓeraye, mutane nawa suka ci gaba da zama a tsare saboda haka, Allah kaɗai ya sani. Ɗaya daga cikin masu amalanken nan shi ne ya rubuta "mun yi babban rashi" yau, har da hoton kuka. Ban ambaci suna ba, ya san kansa.

Sambo dai ya fito. Malam ya yi ta zirga-zirga da man mashin ɗinsa har kotu ta ce a biya ɓarna daidai gwargwado, a sake shi. Inna ta gan shi da idonta kafin ta bar duniya.

Tun daga nan Sambo bai taɓa fashi ba. Rumbu ya rushe, amma kowace kaka sai ya ɗaure dami daga 'yar gonarsa ya kai ƙofar gidan Malam.

Bara na raka shi. Idon Malam ya riga ya tafi. Ya shafa damin da hannu, ya yi dariya ya ce, "Sambo ne. Har yanzu wanga mutum bai iya ɗauri ba, kamar ya ɗaure maraƙi." Ya sa aka kai wa wata mata da ɗanta ke tsare.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Masu gidauniya, ku riƙe lambar asusunku. Wanda ke son yi masa sadaka, gidan yari yana nan cike da waɗanda ba mai tambayarsu, ya je ya tsaya wa mutum ɗaya.

Ɗazu na kira Sambo na faɗa masa. Sai ya ce, "Na fa ɗaure na bana tun jiya. Wa zan kai wa?"



Ya Allah, Malam Ɗahiru ya tsaya wa bayinka ranar da ba su da kowa, Ka tsaya masa yau. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.