Ranar da tarko ya kama jar akuyata

Ko da zan manta komai na shekarar da maigidana ya rasu, ba zan manta ranar da tarkon ƙarfe ya kama jar akuyata ba.

A lokacin fitata takaba ke nan. 'Ya'yana duk suna Kano, gida ya yi mini faɗi. Ba abin da ke motsi a tsakar gidan sai akuyar. Da ita nake hira in ina tankaɗe, ita kuma tana tuƙa tana kallona. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, amma ni na san kewar da ta ɗebe mini.

Da aka kwashe amfanin gona sai aka saki dabbobi. Ranar kasuwar Tsanyawa, rana ta take, na ga ba ta dawo shan ruwa ba. Na yafa mayafi na bi gonaki ina nemanta. A bakin wani lambu na jiyo kukanta. Tarkon gafiya ne aka binne, irin mai haƙoran nan, ya datse mata ƙafar gaba har ƙashi ya fito.

Na durƙusa na sa hannu biyu, bakin tarkon ko motsi bai yi ba. Na zura kara, ya karye. Na miƙe na yi ta kiran mutane, amma gari duk an tafi kasuwa. Sai na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata. Da fari tana fisga, daga baya ta daina, sai numfashi kawai. Ko ranar jana'izar maigidana ban ji kaɗaici irin na wannan zama ba, don ranar akwai jama'a.

Sai bayan la'asar mai lambun ya iso, ashe abokin marigayi ne. Ya taka tarkon ya buɗe, ya duba ƙafar, ya kasa haɗa ido da ni.

"Ki yi haƙuri," ya ce, "sai dai yanka."

Na ce, "To Malam, yanka. Amma bari in yi nisa tukuna."

Washegari na je wurin dagaci, ni da ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ramuwa na zo nema ba. Jiya akuya ce. Ta hanyar nan yara ke bi zuwa yankan ciyawa, ba takalmi." Ya ce zai tara dattawa. Ranar Juma'a bayan an sauko aka yi shela: an hana ɗana tarkon ƙarfe a gonakin garin, mai fama da gafiya ya nemi wata dabara.

Mata suka yi ta yi mini barka a hanya. Na amsa, na koma gidan da babu mai amsa mini sallama.

Abin da na koya shi ne, mai ɗana tarko gida yake komawa ya ci tuwonsa, wanda aka kama shi ake bari da jira. Shi ya sa har yau, in na jiyo kuka daga nesa, na mutum ne ko na dabba, ba na cewa ai wani zai je.