Na Kai wa Kawu Babur Mandawari

Azare zuwa Wudil

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na tura babur ɗina har bakin titi kafin na tayar, don kada in tashi maƙwabta. Babban babur ne na doguwar tafiya, na daɗe ina so in sauya masa salansa, da matatar iska, da na'urar saita mai.

Akwai masu wannan aikin a kusa. Abin da ya sa na nufi Kano shi ne wayar da Binta ta yi mini, 'yar Kawu Sabo, ƙanin mahaifiyata. Kawu ya tsufa a gyaran babur, amma tun da idonsa ya yi rauni ya bar gareji. Ta ce, "Yaya Nura, wata uku bai leƙa ko zaure ba. Abincin ma sai an yi da gaske."

Na tarar da shinge biyu kafin Kiyawa. A na biyun jami'in ya zagaya babur ɗin, ya ce, "Malam, wannan ai mota ce aka cire wa ƙafa biyu." Ƙarfe takwas da kwata na sha shayi da ƙosai a Wudil.

Mandawari

Tara da rabi na shiga ta Ƙofar Na'isa, na yi kilomita ɗari biyu da 'yan kai. Lungun su Kawu ya matse, da ƙyar akwatunan gefen babur ɗin suka wuce. Na same shi a kwance, ya rame. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ka kai wa masu ido," ya ce, ya juya fuska bango.

Na ce to. Na fita ƙofar gida na tayar da injin, na bar shi yana aiki. Ba a yi minti biyar ba sai ga Kawu yana dafa bango.

"Kashe! Wa ya taɓa ma wannan injin? Ba ka ji yana haki ba?"

Aka kawo masa kujera.

Kasuwar kayan gyara

Bayan azahar muka tafi mu uku, ni da Kawu da Binta, a adaidaita sahu. Na ɗauko wata salansa mai faɗin baki, irin wadda ake ji tun daga nesa. Kawu ya zura hannu ciki ya miƙo mini.

"Da wannan za ka yi awa biyar a hanya? Kafin ka isa gida kunnenka ya toshe."

Ya zaɓi mai matsakaicin sauti. Matatar iska kuwa ya hana ni wadda take a buɗe, ya ce yashin hanyarmu zai cinye injin, aka ɗauki mai murfi wadda ake wankewa. Na ce a bar na'urar sai wani zuwan, tsadarta ta yi yawa.

"To mayar musu da sauran biyun. Ka buɗe masa hanci, ka buɗe masa baya, ka hana shi mai? Zafi zai yi ya ƙone."

Na saya.

Goron Dutse

Washegari da hantsi na ɗaura kayan, Kawu yana bin kowane noti da yatsa. Na'urar da waya ake saita ta, Binta ta riƙe tana karanta masa lambobi, shi kuma ya kara kunne.

"Ƙara masa kaɗan, Binta. Kaɗan na ce! Yauwa, tsaya nan."

Daga nan ya ce a ba shi hular kwano. Binta ta ce, "Baba, ina za ka?" Ya ce ba a sanin saiti sai a hawa. Na goya shi a hankali har gindin Goron Dutse, ya sa na hau gangaren sau biyu. A na biyun ya buga kafaɗata yana dariya. Da muka dawo ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.

Komawa

Rana ta uku, ƙarfe shida na safe, Kawu ya rako ni har bakin lungu da ƙafarsa. Ya ce in dawo bayan wata biyu ya sake saurara. Sha ɗaya saura na isa Azare, injin bai yi zafi ba ko sau ɗaya. Ina cire hula Binta ta kira, ta ce wani maƙwabci ya kawo babur ɗinsa, Kawu yana zaure yana yi masa faɗa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Binta da ta yi waya.