Allurar da ta tsaya a rabi

A shekarun da na yi ina gyaran wutar mota a Malanville, akwai aiki ɗaya da ko na tsufa ba zai fita raina ba, kuma ba na mota ba ne. Na wani tsohon jirgin ruwa ne na ƙarfe, mallakar aminin mahaifina da nake kira Baba. Da shi yake ɗauko shinkafa da 'yan kasuwa daga Garou.

Agogon man jirgin ne ya dame shi. Allurar ta kafe a rabi, ko an cika tanki ko an sha. Na je na duba, na ga gilashin ya tsage, ciki duk tsatsa, sai na yanke hukunci a take. Na cire shi na sa sabo. Da na murɗa kile, wato makullin inji, allura ta tashi ta tsaya a rabi. Baba ya ce ai man ma kusan rabi ne, na ce to shi ke nan. Ban buɗe tanki ba. Yana ƙarƙashin katakan daɓe, kuma cire su aikin wuni ne. A lokacin na kira abin sanin aiki. Yanzu na san ƙyuya ce.

Baba yana da wata sanda da yake tsomawa a tanki ta bakin zuba mai ya auna mai. Na ce masa, "Baba, aje sandan ga, an wuce zamaninta." Ya ajiye ta gida.

Kwana huɗu bayan haka na bi shi Garou. Da hantsi muka juyo da buhuna shaƙe da mata kamar goma, gulbi kuma ya cika. Mun wuce ƙarƙashin gada kaɗan inji ya yi tari biyu ya mutu. Baba ya dubi agogo, ya dube ni.

"Rabi ta ce," in ji shi.

Ya sake murɗawa, shiru. Ruwa ya juya jirgin a gicciye ya fara mai da mu baya, kai tsaye zuwa ginshiƙin gada. Wata dattijuwa ta ɗaga murya da salati, sauran suka kama. Ni kuwa ina durƙushe ina taɓa wayoyin batir, don na rasa abin yi da hannuna. Gefen jirgin ya gogi siminti da wata ƙara, ya karkata, buhu uku suka faɗa ruwa. Masunta biyu da ke kusa suka jefo igiya, suka ja mu gaɓa da ƙyar. Ba wanda ya ji rauni. Da aka buɗe bakin zuba mai aka tsoma kara, ko ɗigon man gazuwal bai fito a jikinsa ba.

Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe ka taho da kayan aikinka, ɗana. Wanga karo mu hwara daga ƙasa."

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na cire wayar da ta taso daga tanki zuwa agogo, allura ta faɗi ƙasa. Na goga wayar a jikin ƙarfen jirgin, ta haura sama. Ke nan agogo lafiya lau, waya ma haka. Don son sani na ɗauko tsohon agogon da na yar a kwandon shago, na gwada shi. Shi ma ya amsa. Ashe lafiyayye na cire.

Sai muka ɓamɓare katakan. Kusoshi biyar ne ke riƙe da murfin na'urar da ke cikin tanki, biyu sai da na sare su. Abin da na zaro wani siririn hannu ne na ƙarfe mai 'yar kwalba a bakinsa, wadda ke yawo a kan mai, tana hawa tana sauka tana gaya wa allura. Tsatsa ta cinye gaɓar hannun, ya sandare a tsakiya. Baba ya karɓa ya tura da babban yatsa, ko motsi.

"To," ya ce, "allura ba ta yi ƙarya ba. Abin da anka gaya mata ta hwaɗi."

Na kankare gaɓar, na wanke tankin, na gyara wayar da ke haɗe da jikin jirgi, wadda ita ma ta fara ruɓewa. Muka riƙa zuba mai bido-bido, wato jarka bayan jarka, muna kallon allura tana hawa a hankali har ta cika. Jirgin ya ƙara shekaru yana aiki.

Tun daga nan ban sake canza wani abu don kawai shi ne a gaban idona ba. Na koyi cewa inda ɓarna ta bayyana daban, inda take kwance daban, kuma aikin da mai gyara ya tsallake don wuyarsa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne ke ɗaukar nauyinsa.