Ƙurjin da ke Kunnen Ƙanena

Ƙanena zabiya ne, kuma a Sakkwato Allah ya ajiye shi, inda rana ba ta raga wa kowa. Gyaran babur yake yi a Ƙofar Atiku, ƙarƙashin wata lema da ta fi rariya huji. Na yi masa faɗan ya riƙa sa malafa har bakina ya gaji. Sai ya yi dariya ya ce shi ba kiwo yake zuwa ba.

Da rediyo ya yi shelar za a duba fatar zabiya kyauta a wata firamare a Gidan Dare, da ƙyar na ja shi. Likitar ta haska kunnensa da ɗan gilashi mai fitila, ta daɗe a kan wani ƙurji da bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce tana zargin ciwon daji ne, amma an yi sa'a, bai yi nisa ba. A je asibiti a yanke, shi ke nan.

Na koma gida da murnata. Inna tana jin an ce daji ta saki tsintsiyar hannunta.

"Ba a sa mai ƙarhe," ta ce. "Daji ba shi son ƙarhe. Ɗiyar maƙwabta da anka yanka, ba watsuwa abin yay yi ba? Kak ku kashe min ɗa."

Na yi magiya, na yi masifa, na yi kuka. Ƙanena ƙato ne da gemunsa, amma bai taɓa tsallake maganar Inna ba.

"Yaya, ki bari," ya ce. "In nit tahi ba da yardatta ba, ko an yanke ba ni warkewa."

Aka shiga shafe-shafe, yau garin magani da man shanu, gobe saiwa. Ƙurjin ya cinye kunnen, ya gangaro muƙamuƙi. Abokan aikinsa suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi saboda wari.

Ranar da Inna ta ga ƙashi, da kanta ta ɗauki mayafi ta ce mu tafi asibiti, ta yarda. Likita ya buɗe bandeji ya mayar, ya kira ni da ƙanena gefe. Ya ce abin ya wuce aiki, sai dai maganin rage zafi.

A cikin keke Inna ta tambaya yaushe za a yi aikin. Na kau da kai, ina jin haushinta da tausayinta.

"Sun ce sai ɗari ya shigo, Inna," ƙanena ya ce.

Ta yi hamdala, ta fara faɗa mana farfesun da za ta riƙa kai masa asibiti.